Leɓen Orville Pinnock

Duk wanda ya tashi a unguwar Hillfields ta garin Coventry ya san Orville Pinnock, ko da bai san sunansa ba. Dogon baƙin tsoho ne mai tabo a leɓen sama, wanda ya yi shekara da shekaru yana tuƙa bas ɗin da ke bi ta kasuwa, kuma ba ya buɗe baki in zai yi dariya. Ka tambayi kowane mutumin Coventry abin da ya sami leɓen nan, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa: ai masu ƙin baƙar fata ne suka fasa masa baki a kan dandamali yana cikin busa ƙaho. Ƙarya ce. An yi ta maimaita ta har ta zauna daram, har an buga ta a allo an kafa a tsakiyar gari, amma ƙarya ce tsagwaronta, kuma shi mai leɓen ya faɗa har ya gaji.

Yana ɗan shekara tara aka ɗauko shi daga Jamaika, ya sauka da rigar da ba ta san sanyi ba. Uwarsa tana goge-goge a asibiti, ubansa kuma, wanda kowa har matarsa ke kira Mista Pinnock, yana aikin narka ƙarfe. Mutum ne mai ɗaure fuska. Abu ɗaya ke sassauta shi. Ranar Lahadi in an dawo coci an ci shinkafa da wake, sai ya buɗe garmaho ya ɗora tsofaffin fayafayan ska, kiɗan ƙasarsu, da ya taho da su daga Kingston, ya zauna yana kaɗa ƙafa ɗaya, ido a rufe. Ba a magana a lokacin. Orville yakan zauna a kan matakala yana bin ƙahon da ke cikin faifan da baki, a hankali, kada a ji shi.

A wurin 'yan badujalar coci ya koyi busa. Shugabansu, wani tsoho da ake kira Mista Probert, ya dubi tsawon hannun yaron, ya miƙa masa tarambon, ƙahon nan na tagulla mai dogon hannu da ake turawa gaba a janyo baya.

"Wannan ƙarfe ne kawai, ɗana," in ji shi. "Ba ya waƙa, leɓenka ne ke waƙa. Kuma ka ga hannun nan da ke miƙewa gaba? In wani ya buge shi daga can, ta nan zai fito, cikin haƙoranka. Da ka ga mutane sun matso, sauke shi daga baki. Ko ana tsakiyar waƙar jana'izar uwarka, sauke shi."

Orville ya riƙe wannan magana kamar karatun coci. Kuma ya iya busa, ba iyawar da ake faɗa don a kyauta wa mutum ba. Yana da sauti mai kauri, mai ɗan kuka a ƙarshe, wanda in ya sake shi sai ka ji a ciki kafin ka ji a kunne.

Da ya gama makaranta ya shiga masana'antar mota kamar kowa, aka kai shi sashen fenti. A nan ya haɗu da Malcolm Tranter, wanda ake kira Mally, wani gajeren Bature mai jan gashi da ba ya iya ganin gwangwani bai kaɗa shi ba. Wajen 1979 aiki ya fara janyewa. A ce yau a zo, gobe da jibi a zauna gida. Samari suka cika tituna, hannu a aljihu. Sai ga shi 'ya'yan Turawa da 'ya'yan mutanen Jamaika sun tono kiɗan nan na iyaye, sun ƙara masa gudu da fushi, suna waƙa a kan rashin aiki da 'yan sanda da garin da ke mutuwa a tsaye. Kafin a ce me, ƙasar gaba ɗaya ta ɗauka, kuma daga garinmu abin ya tashi.

Mally ya ce su ma ba za a bar su a baya ba. Suka haɗa ƙungiya, rabi baƙaƙe rabi farare, suka kira kansu 'Yan Fenti. Ba su taɓa zama manya ba. Ba su shiga talabijin ba, ba su je Amurka ba. Amma a mashaya da zaurukan ma'aikata na Coventry, in aka ce 'Yan Fenti za su yi wasa, wuri ba ya ragowa.

Orville ya kai wa ubansa kaset ɗin wasansu. Tsohon ya saurara kaɗan, ya kashe.

"Mene ne wannan?"

"Ska ne, Baba."

"Ska? To wa ke bin ku da gudu? Mu mun yi kiɗan nan don mutum ya riƙe mace ya taka a hankali, ku kun mai da shi na ɓarayin da suka hango ɗan sanda."

Bai ƙara tada zancen ba, bai kuma je kallo ba, kuma abin ya ci Orville a rai fiye da yadda yake nunawa. Verona ce kaɗai ta sani, yarinyar da ke aiki a gidan wankin kaya wadda ya aura a shekarar. Mace ce mai kaifin harshe. Takan ce masa, "Kai da ubanka duk ɗaya ne. In ana sayar da taurin kai da kun buɗe kanti."

Akwai wata al'ada ta masu wannan kiɗa da suke alfahari da ita ƙwarai. In an zo waƙar ƙarshe, kowa na iya hawa dandamali. Babu shinge, babu masu gadi. Makaɗa da kansu ke miƙa hannu su janyo 'yan rawa sama, baƙi da fari, har ka rasa wane ne mai wasa wane ne ɗan kallo, katako na lanƙwasa a ƙarƙashinsu. Sukan ce ai ba mu fi ku ba, daga layin neman aiki ɗaya muka fito. A nan ne Orville ke bin maganar Mista Probert. Da ya ga kawuna sun fara tasowa sai ya sauke ƙaho daga baki, ya ɗaga shi sama da hannu ɗaya, ya ci gaba da rawa. Saboda haka a waƙarsu ta ƙarshe, wadda take da wurin da ƙaho ke busa shi kaɗai, bai taɓa kai busar ƙarshe a gaban jama'a ba.

Sai kuma wata matsala da duk wanda ya rayu a lokacin ya sani. Masoya kiɗan suna da shigarsu: matsattsiyar kwat, farar riga, 'yar ƙaramar malafa. Wasu kuma aski ƙwal-kwabo, da manyan takalma masu hancin ƙarfe. To irin wannan askin da takalman su ne kuma shigar 'yan iskan da ke farautar baƙaƙe da Indiyawa a titi. Kai har cikinsu akwai masu son kiɗan, su yi rawa da shi yau, gobe su fasa tagar gidan mai busa shi. Ni har yau ban gane irin wannan kai ba. Amma da ido ba ka rarrabe su.

Clive Hemsley ƙwal-kwabo ne, kuma mai manyan takalma. Ƙato ne na gaske, yana tuƙa motar rarraba burodi, kuma babu wasan 'Yan Fenti da ya taɓa wuce shi. Shi ke ɗaukar musu lasifika a motar burodi kyauta, sai kayan su yi ta ƙamshin yis. Bai iya rawa ba ko kaɗan, tsalle kawai yake yi, ƙasa na amsawa. Orville ne gwaninsa. Yakan tsaya a gabansa baki buɗe, in an tashi ya rungume shi har ƙasusuwa su yi ƙara.

"Mutumina, yaushe za ka busa wurin nan har ƙarshe? Kullum sai ka yanke min daɗi."

"Ranar da ka koyi tsayawa wuri ɗaya, ɗan burodi."

Bazarar 1981 ta zo da mugun abu. An kashe mutane a garin saboda launin fatarsu, da rana tsaka. Verona ta daina barin Orville ya dawo gida shi kaɗai. Sai aka shirya wasa a filin shaƙatawa wata Asabar da la'asar, don a nuna cewa gari bai zama na 'yan iska ba, aka sa 'Yan Fenti a ciki. Suna cikin wasa Orville ya hango abin da bai taɓa tsammani ba. Can gefe, kusa da mai sayar da kifi da soyayyen dankali, ga Mista Pinnock a tsaye cikin kwat ɗinsa ta coci, hannu a baya.

Ba a jima ba 'yan iskan suka iso, gungu guda, suna ɗaga hannu irin na 'yan Nazi, suna kukan biri, suna jifa da kwalabe. Dokar makaɗa ce in faɗa ya tashi a tsai da kiɗa, sai Mally ya ajiye sandunan ganga. Daga nan jama'a suka juya kansu gaba ɗaya, Clive a kan gaba, aka kori 'yan iskan har bakin titi. Da mutane suka dawo suna haki suna dariya, wasu da jini a goshi, Mally ya buga ganga, aka shiga waƙar ƙarshe.

Kai, ranar an ga hawan dandamali! Kowa ya taso. Orville ya ga kawunan, hannunsa ma ya fara sauke ƙahon da kansa. Sai ya tuna tsohon da ke tsaye can, wanda watakila ba zai sake zuwa ba. Ya kuma ji a ransa cewa yau in ya sauke ƙaho kamar 'yan iskan ne suka ci nasara. Ya mai da shi baki, ya rufe ido, ya shiga busarsa. Daidai lokacin Clive ya hau, hannuwa a buɗe, yana ihun sunansa don murna, ga gwaninsa yau zai kai ƙarshe. Wani ya turo shi daga baya. Ƙirjinsa ya daki ƙarshen ƙahon da dukan nauyinsa.

Haƙora huɗu na gaba suka tafi, leɓen sama ya tsage har hanci. Orville ya faɗi. Mutanen da ke baya ba su ga yadda aka yi ba. Abin da suka gani shi ne baƙin mutum a ƙasa cikin jini, da ƙaton ƙwal-kwabo mai manyan takalma a kansa. Kuma jininsu bai huce ba tun korar da aka yi. Suka rufe Clive da duka. Orville yana ganin ƙafafu na sauka a kan abokinsa, yana so ya ce ku bari, namu ne, amma bakinsa cike yake da jini da gutsattsarin haƙora. Abin da ya fito gurnani ne kawai, su kuwa suka ɗauka zafin ciwo ne, suka ƙara.

Washegari jarida ta buga hoton Orville, da labarin cewa ɗan ƙin baƙar fata ya hau dandamali ya rufe bakin mai busa. Da ya samu ya iya magana, bayan an cire zare, Mally ne mutum na farko da ya gaya wa.

"Clive ne fa. Tsautsayi ne. Ka je ka gaya musu."

Mally ya sosa kai. "Na sani, aboki. Ina wurin. Amma ka duba, yanzu Landan ke kiranmu, Birmingham ke kiranmu. Kuma ai 'yan iskan sun zo, ba ƙarya aka yi ba. Da sun samu dama da sun yi fiye da haka. Ka bar shi haka nan, wa zai amfana?"

Orville ya je gidan jaridar da kansa, aka ba shi shayi aka raka shi ƙofa. Ya je gidan uwar Clive. Ba ta cire sarƙar ƙofa ba, ta tsagar ta gaya masa ɗanta ya rasa ido ɗaya, an kore shi daga aikin burodi, an rubuta musu zagi a bango, ya koma wani gari a bakin teku, kuma don Allah kada ya sake zuwa. Orville bai ƙara ganin Clive ba. Labarin mutuwarsa ma sai da ya tsufa kafin ya iso shi.

Da ciwo ya warke ya ɗauko ƙaho. Aka yi masa haƙoran roba, ya sa, ya busa. Iska kawai ta fito, kamar taya ta sace. Jijiyar tsakiyar leɓen ta mutu, ko allura ka soka ba ya ji. Ya gwada da safe, ya gwada da yamma, ya gwada har haƙoran suka yanke masa dasashi. 'Yan Fenti suka ɗauki wani mai busa, suka yi yawonsu da labarinsa, shekara ba ta zagayo ba suka watse da faɗa. Masana'anta ta rufe. Mista Pinnock bai taɓa tada zancen ranar ba sai sau ɗaya, yana kwance cikin ciwon da ya tafi da shi. Ya dubi silin ya ce, "Na ji farkon. Ba laifi." Orville ya fita tsakar gida ya yi kuka kamar yaro.

Ƙahon ya hau kan kabad, shi kuma ya hau bas. Ya yi ta zagaya garin yana kallon masana'antu na zama fili, fili na zama manyan kantuna. Kiɗan kuwa bai mutu ba, abin haushin ke nan. Ya tsallaka Amurka, yara masu gajeren wando suka ɗauka. Ya je Japan. Sai ka ga baƙi sun sauko daga jirgin ƙasa da 'yan malafunsu suna ɗaukar hoton ƙofar mashayar da ta zama shagon sayar da katifa. Waƙoƙin da aka yi don yunwa da fushi suka koma tallar man shanu da inshorar mota. Wani lokaci fasinja mai furfura zai shigo, ya tsaya ya ƙura wa leɓen ido, ya ce, "Kai ne, ko? Ina wurin ranar. Ni ma na samu na tattaka shegen." Da farko Orville yakan tsaya ya yi bayani, layi na jira a baya. Daga baya sai dai ya ce a matsa ciki.

Bayan ya yi ritaya wata likitar haƙori ta dasa masa haƙora na dindindin, masu ƙarfi kamar na haihuwa. Yana da ɗan lambu na haya a bayan layin dogo, inda yake shuka kabewa da alayyafo, da ɗan ɗakin katako na ajiye fartanya. Wata rana Verona ta duba kan kabad ta ga wayam. Ta gane lambu ya kai ƙahon, da ya dawo ta tare shi.

"Kabewar ce za ka yi wa busa, tsoho?"

"Ita ba ta da baki irin naki."

Dabarar da ya samo ita ce ya karkatar da bakin ƙahon zuwa gefen hagu, inda leɓen ke da sauran rai. Mista Probert da ya gani da ya suma. Damina ta wuce iska ce kawai. Sannan wata safiya wani abu ya fito, mummuna, kamar kukan saniya mai mura. Maƙwabcinsa na lambu ya leƙo ta kan shinge ya tambaya ko a kira likitan dabbobi. Orville ya zauna a kan buhun taki. Yana da shekara sittin da ɗoriya, kuma rabonsa da jin muryar ƙahonsa tun yana saurayi. Daga nan bai fasa ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Sannu a hankali busar nan ta waƙar ƙarshe ta dawo, a guntu a guntu. Ba ta da kaurin da, tana karyewa in ta hau sama, amma tana kaiwa ƙarshe.

Ana haka gari ya shirya gagarumin bikin tunawa da kiɗan. Wata yarinya mai suna Harriet, cikin masu shirya bikin, ta zo har gida ta ce ana so a haɗa waɗanda suka rage cikin 'Yan Fenti, kuma shi ne zuciyar abin gaba ɗaya. Orville ya goge ƙaho har yana ɗaukar ido. Ranar gwaji ya tarar da Mally ya zama tulu, da na'urar ji a kunnuwa biyu. Suka rungumi juna.

"Ka tsufa, ɗan banza."

"Kai kuma ka cinye gangar ne?"

Harriet ta yi musu bayanin tsari. A waƙar ƙarshe za a rage kiɗa, a haska hoton jaridar nan a ƙaton allo, mai gabatarwa ya ba da labari. Sai Orville ya fito riƙe da ƙaho a ƙirji, ya tsaya a tsakiya shiru. Wani ƙwararre da aka ɗauko daga Landan zai busa wurin a madadinsa.

"Mutane za su yi kuka, Mista Pinnock. Ni ma da nake faɗa tsikar jikina tashi take."

"'Yata, ai ina iya busawa yanzu."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. Bai jira ba, ya ɗaga ƙaho ya busa mata, tun daga farko har ƙarshe, a nan cikin zauren. Sannan ya sauke. Fuskar yarinyar ta canza, amma ba murna ba ce, irin fuskar wanda aka ɓata wa shiri ce.

"Abin ban mamaki ne, gaskiya. Sai dai an riga an buga komai, an gaya wa 'yan jarida. Labarin shi ne sun rufe maka baki. In ka busa, to me muke cewa?"

"Ku ce gaskiya mana. Babu wanda ya rufe min baki. Abokina ne, Clive Hemsley, ya zo rungumata aka turo shi. Mutanen da za su yi miki kukan nan su suka cire masa ido."

Ta dubi Mally. Mally ya dubi sandunansa.

"Orville, don girman Allah," in ji shi. "Mutumin ya mutu. Yara na koyon abin kirki daga labarin nan. Ka tsaya minti biyu kawai, a tafa maka, mu je mu sha shayi."

"Shi ya mutu. Ni ban mutu ba."

Harriet ta ce za ta yi magana da na sama da ita, kuma kowa a wurin ya san abin da wannan ke nufi. A gida Verona ta ce kada ya je. Ya ce zai je. Ta ce to ya je ya tsaya musu kamar gunki, ita ba ta hana shi ba. Ya ce zai je, amma ba gunki zai yi ba. Ta dube shi ta ɗauko dutsen guga ta goge masa farar riga.

Ranar bikin da la'asar fili ya cika maƙil. Tsofaffi masu tumbi cikin kwat ɗin da ta daina rufuwa, da jikokinsu a kafaɗa, da samari da 'yan mata da ba a haife su ba lokacin da masana'anta ta rufe. Aka zo waƙar ƙarshe. Hoton ya bayyana, saurayi kwance cikin jini, girmansa ya kai gida. Mai gabatarwa ya ba da labarin da murya mai rawa, ya kira sunansa. Orville ya fito. Ya lura ba a ajiye makirufo a inda zai tsaya ba. Jama'a suka ɓarke da tafi da ihu, dubban mutane, wasu na share hawaye da gaske. Ƙwararren Landan ya shiga busa, lasifika masu tsayin bene suka ɗauka, sauti mai tsabta, babu karyewa ko ɗaya.

Orville ya ɗaga ƙaho, ya karkatar da shi hagu, ya ja numfashi ya busa. Da jama'a suka ga ya kai ƙaho baki sai suka ɗauka cikin tsarin ne, tsoho na nuna abin da aka raba shi da shi, ihu ya ninka. Ya ci gaba. Hannunsa na tafiya yana dawowa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi na shiga masa ido. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

A bayan dandamali Harriet ta riƙe hannunsa biyu, idonta jajur. Ta ce yadda ya yi kamar yana busawa ɗin nan ya fi duk abin da suka tsara, ta gode, ta gode ƙwarai. Mally yana can ana ɗaukar hoto da shi.

Verona na jiransa a bakin ƙofar fita da rigar sanyinsa a hannu. Suka taka zuwa tashar bas. Sai da suka zauna a kan benci, akwatin ƙaho a tsakanin ƙafafunsa, sannan ya tambaye ta.

"Kin ji?"

"Na ga kumatunka. Na ga hannunka. Na san da gaske kake yi."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ta daɗe tana gyara maɓallin rigarta. Verona ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ba ranar za ta fara ba.

"Ban ji ba, Orville. Babu wanda ya ji."

Ya gyaɗa kai. Ya kai yatsa ya taɓa leɓen, wurin da ba ya jin komai.

"Ni ma ban ji ba," in ji shi. "Ban san ko ya fita ba."